Maganin ƙarfin maza: magidanta na sayen sirri, ciwo na ci a ɓoye

Duk wanda ya saba sallar Juma'a a Aboabo ko Asawase ya san abin da ke biyo bayan sallama. Kafin mutum ya gano inda takalminsa ya shiga, lasifika ta riga ta tashi a bakin titi. Mai magani ya buɗe bayan mota ko ya shimfiɗa buhu, ya jera kwalabe da ƙulle-ƙullen gari, yana kiran basir, sanyi, dattin mara, ciwon ƙugu. Duk wannan share fage ne. Kowa ya san inda zancen ya dosa, kuma da ya iso wurin sai ka ga dattawa sun rage sauri. Wani ya tsaya gyaran hula, wani ya tuna yana da kiran waya. Ba a saye a lokacin. Sai taro ya watse ake zagayowa, ko a aiki yaro da kuɗi a dunƙule, a ce masa: "Je ka ce a ba ka irin na rannan."

Haka abin yake a Nima da Mamobi da Madina idan ka sauka Ankara, haka a manyan motocin da ke tashi daga Kumasi zuwa Tamale da Bawku, inda mai talla zai miƙe tsakiyar mota ya yi rabin awa yana bayani. Yanzu kuma kasuwar ta koma cikin aljihu. WhatsApp da TikTok da shirye-shiryen rediyo na dare sun ɗauke wa mutum ko da wahalar zagayowa: ka tura kuɗi ta waya, a kawo maka a baƙar leda.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin abin dariyar majalisa, har sai da abin ya taɓa wani aminina. Direban babbar mota ne, ya ba hamsin baya, matansa 2. Wajen shekara 2 yana fama da rauni a shimfiɗa, ban sani ba, matansa ma ba a yi zancen da su ba duk da cewa su ne suka fi kowa sani. Ya sha na gari, ya sha na ruwa, ya lashi zumar nan ta cikin 'yar leda. Wani ya yi aiki, wani bai yi ba. Abin da ya kai shi asibiti daga ƙarshe wani ɗan ciwo ne a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Aka auna jini, aka tarar suga ta yi sama sosai, ga hawan jini a kai. Da na je duba shi, ya jawo ni kusa ya ce: "Malam, ka san abin da likitan nan ya ce mini? Wai wancan abin da nake ɓoyewa shi ne ɗan aiken farko. Shekara 2 jikina yana buga mini ƙofa, ni kuma ina ba mai kwalba kuɗi ya kore shi."

Tun daga ranar maganar take cina. Likitan ba azanci ya yi ba, abin da ilimin likitanci ya tabbatar ya faɗa. Miƙewar gaba aikin jini ne da jijiyoyi. Hanyoyin jinin da ke kai wa wurin ƙanana ne, faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, alhali na zuciya sun kai 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara taruwa a hanyoyin jini, ko suga ta fara lalata su, ƙaramar hanya ce ke fara toshewa. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar raunin gaba ga mutum mai matsakaicin shekaru a matsayin gargaɗi: sau da yawa yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Ciwon suga kuwa ta fuska biyu yake cizo, ya taɓa hanyar jini ya kuma kashe jijiyar da ke kai saƙo. Taba sigari, ƙiba, zama wuri ɗaya, rashin barci da damuwa duk suna da nasu kason. Direban da ke kwana a hanya, yana cin abin da ya samu a tasha, yana kora shi da lemon kwalba da shayi mai suga cokali 4, ya tara kusan dukkansu.

Kuma abin ba baƙo ba ne kamar yadda kowane mai fama da shi yake zato. Wani sanannen bincike da aka wallafa a 1994 a kan mazan jihar Masacusets ta Amurka ya gano cewa kashi 52 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni, daga ɗan kaɗan zuwa cikakke. Ba ƙasarmu ba ce, na sani, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Ma'ana, a sahun da ka yi salla cikinsa ba kai kaɗai ba ne. Kowa dai ya yi shiru ne yana ganin shi kaɗai aka jarraba.

To me ke cikin kwalbar? Nan ne ya kamata mu tsaya da kyau.

Ni ban raina maganin gargajiya ba, kuma ƙasar nan ma ba ta raina shi ba. Tun 1975 akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong ta ƙasar Akuapem, wadda Dakta Oku Ampofo ya assasa. Dokar 2000, mai lamba 575, ta kafa majalisar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista. Jami'ar KNUST da ke nan Kumasi ta fara ba da digiri a fannin maganin tsirrai tun 2001, kuma wasu asibitocin gwamnati suna da sashen da waɗannan ɗalibai ke duba marasa lafiya. Kakanninmu ma sun san aya da dabino da zuma da citta da kanumfari da namijin goro, kuma babu wanda ya ce cin waɗannan a matsayin abinci laifi ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya tambayi kansa. Wane saiwa ne, wane ɓawon itace ne, da za ka sha bayan isha'i ya yi aiki cikin rabin awa, kowane lokaci, babu kuskure? Wannan halin ƙwayar bature ne. Sildenafil, wanda duniya ta sani da sunan Viagra, an amince da shi a Amurka a watan Maris na 1998. Ɗan'uwansa tadalafil ya biyo baya, shi kuma yana iya kai awa 36 yana aiki a jiki. Yau kamfanoni da yawa suna yin su, garinsu ya yi araha, kuma babu abin da ya fi sauƙi irin a niƙa a zuba cikin garin itace, ko zuma, ko kofi, a manna takarda mai hoton doki a rubuta "tsantsar gargajiya". Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta sha gargaɗin jama'a a kan kayan ƙarfin maza marasa rajista da kuma waɗanda ake cakuɗawa da irin waɗannan sinadarai. Takwararta ta Amurka a watan Yulin 2022 ta aika wa kamfanoni 4 takardar gargaɗi saboda zumar da suke sayarwa an same ta da sildenafil ko tadalafil a ɓoye. Irin wannan zumar ta 'yar leda mai ruwan zinare ba sai na gaya wa kowa inda ake samunta a unguwanninmu ba.

Wani zai ce, to in dai ƙwayar asibiti ce ai da sauƙi, tunda likita ma ita zai rubuta. Bambancin shi ne likita ya san awo, ya kuma san kai. Sildenafil ana yin sa a miligiram 25, 50 da 100, ba a wuce sau ɗaya a yini. Mai haɗawa a bayan gida da cokali yake awo, kuma shi burinsa ka dawo gobe, don haka hannunsa ba ya rowa. Babban haɗarin yana kan masu ciwon zuciya da ke shan maganin nan na ciwon ƙirji, dangin naitiret, irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe. Idan ya haɗu da sildenafil a jiki, jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya sume, wani ba ya tashi. Mai ciwon zuciyar da ya san Viagra ce ƙila ya ji tsoro ya tambaya. Wanda aka ce masa zuma ce da saiwa, me zai tambaya? Ga kuma miƙewar da ta ƙi kwanciya: idan ta wuce awa 4, magana ce ta gaggawa, domin jinin da ya tsaya yana kashe naman wurin, kuma jinkirin kunya na iya jawo rauni na dindindin. Abin da aka je gyarawa shi za a rasa ɗungurungum.

Wani lokacin ma abin da ke ciki ba shi ne ko wanda mai haɗawar ya yi nufi ba. A 2008 a ƙasar Singafo, mutum 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar a asibiti sugarsu ta faɗi ƙasa, bayan sun sha jabun magungunan ƙarfin maza da aka gurɓata da maganin masu ciwon suga. Bakwai suka shiga doguwar suma, 4 suka rasu. Ƙasa ce mai tsananin sa ido a kan magunguna. Sai ka auna da tashar motarmu.

Ko tsirran da babu cakuɗe a cikinsu ma ba duka ne lafiya lau ba. Garin nan da ake barbaɗawa a yajin tsire, wanda sunansa ba ya faɗuwa a gaban surukai, daga ɓawon itacen yohimbe na dazukan Kamaru da maƙwabta ake samunsa. Yana da sinadari mai aiki da gaske, kuma aikin nasa ya haɗa da ɗaga hawan jini da sa bugun zuciya da fargaba. Gagai kuma, masu bincike a Jami'ar Ilorin sun gwada shi a kan ɓeraye: a 2005 suka ba da rahoton cewa ya ƙara musu sha'awa, daga baya su ɗin dai suka ba da rahoton alamun illa a maraina da hanta da ƙoda bayan an ɗauki makonni ana ba su. Mai lasifika rabin farko kawai zai gaya maka, in ma ya sani. Matasa kuwa tasu hanyar daban: tiramadol, don jinkirta kawowa. Mun ga yadda ƙasar nan ta tashi tsaye a kansa a 2018, lokacin da aka gano ana sayar da masu ƙarfin miligiram 120, 225 har 250 alhali 50 da 100 ne aka amince da su. Wanda ya fara don daren amarci, sai ya wayi gari ba ya iya fita aiki sai da shi.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu 'yan zango musamman. Maƙwabtanmu suna da nasu: barasar nan mai ɗaci da ake jiƙa saiwoyi a ciki, wadda tallanta ya cika gari. Musulmi ba zai tsaya a mashaya ya karɓa ba, don haka kasuwa ta ɗinka mana riga daidai wuyanmu. Zuma, dabino, kofi, sunan Larabci a jikin kwali, wani lokacin har da hoton raƙumi. Da mutum ya ga haka sai hankalinsa ya kwanta, ya tabbata halal ne. To halaccin abin da aka rubuta a kwali daban, abin da aka zuba a ciki daban.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiyar Al'umma ta 2012, mai lamba 851, ta hana tallata wa jama'a maganin wasu cututtuka, kuma raunin mazakuta da ciwon suga da hawan jini suna cikin jerin. Kowane tallan magani kuma sai da amincewar FDA. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kake jin "ciwon ƙugu" da "ƙarfin jiki" da "sa Hajiya murmushi" a rediyo, ba a kiran abin da sunansa. Amma jami'in hukuma nawa ne zai bi kowace tasha, kowace ƙofar masallaci, kowane zauren WhatsApp? A kama mutum ɗaya yau, gobe ƙanensa ya buɗe buhu a wurin.

Shi ya sa nake ganin kame da gargaɗi kaɗai ba za su kai mu ko'ina ba, muddin ba mu dubi abin da magidanci ke saye a haƙiƙa ba. Sirri yake saye. Ka sa kanka a matsayin dattijo ɗan shekara 60, mai jikoki, wanda ake tashi a ba shi wuri a taron suna. Ya je asibiti tun asuba, ya bi layi, ya iso gaban ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yar autarsa, ta tambaye shi da ƙarfi, cikin Tonanci ko Turanci, me ke damunsa, ga mutum 10 a bayansa suna ji. Me zai ce? Zai ce ciwon kai. In kuwa Turancinsa bai kai ba, ɗansa ne zai yi masa tafinta. Haba! Mai magani kuwa Hausa yake yi da shi, ya kira shi Alhaji, ya ja shi gefe, ya ce "ai wannan ƙaramin abu ne, sanyi ne, ni ma na yi fama da shi". Bai tambaye shi kati ba, bai rubuta sunansa ba, ya kuma ba shi dalilin da babu zubar da girma a cikinsa. Sanyi ai kowa na iya kamawa. A gaskiya mai magani ya fi asibiti sanin halin mutanenmu, ko da bai san me ke cikin jininsu ba.

Sai kuma matsin da muke sa wa junanmu. A majalisar ataya, wadda yaranmu ke kira bes, ba ka jin wanda ya gaza. Kowa zaki ne, kowa awa guda yake yi. Alhali da aka sa ma'aurata 500 daga ƙasashe 5 suka auna da agogo, a binciken da aka wallafa a 2005, matsakaicin lokacin bai wuce minti 5 da 'yan daƙiƙai ba. Mutum lafiyarsa ƙalau, amma ƙaryar abokai da finafinan batsa na waya sun sa ya yanke wa kansa hukuncin rashin lafiya, ya fara shan abin da ba ya buƙata. Daga nan tsoro ya shiga: ranar da bai sha ba, fargabar gazawa kaɗai ta isa ta gazar da shi. Sai ya ce ka gani, dole sai da magani. Mai mata fiye da ɗaya nasa ya ninka, musamman in an yi sabuwar amarya mai ƙuruciya. Ga rabon kwana, ga tsoron gori, ga kayan mata da ɗaya ɓangaren ke ta sha ana gasa. Gida ya zama filin kokawa, kowa na shan nasa a ɓoye don ɗan'uwansa, babu wanda ya tambayi wani me yake so.

Wannan rashin tambayar shi ya fi ba ni mamaki. Na tambayi aminin nawa ko ya taɓa zama da uwargidansa a kan maganar. Ya dube ni kamar na ce ya cire wando a kasuwa. Daga baya, bayan asibiti, ita ce ta gaya masa cewa duk tsawon lokacin ta ɗauka ya daina sonta ne, tunda ya ƙaurace mata yana fakewa da gajiya. Shekara 2 tana kuka a kan abin da babu shi. Mata da yawa kuma za su gaya maka, in sun sami mai saurare, cewa daren da maigida ya sha abin nan dare ne na wahala a wurinsu, ba na jin daɗi ba. Su ma kunya ta hana su faɗi.

Kuma wannan kunyar ba daga littattafanmu muka gado ta ba. Malaman fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan zango sun yi maganar mijin da ya kasa kusantar matarsa ƙarara, har suka ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani kafin a duba batun raba aure. Mutanen da suka zauna suka tsara wannan ba su ɗauki zancen abin ɓoyo ba, sun ɗauke shi lalura mai hukunci da haƙƙi. Mu ne muka mayar da shi abin da ba a faɗa sai da raha.

Akwai wasu kurakurai biyu da kunyar ke haifarwa, waɗanda ba a cika ambata ba. Wasu magungunan hawan jini, musamman tsofaffin nau'i, suna iya rage wa namiji ƙarfi. Mutum ya lura, sai ya ajiye maganin shiru, ya koma wa kwalba. Ya bar abin da ke tsare shi daga shanyewar ɓarin jiki, alhali da ya faɗa wa likita, canja masa wani kawai za a yi. Na biyu, haihuwa. In shekaru suka ja babu ciki, mace ake kai wa wurin masu magani, shi kuwa maigida ya ce ai shi lafiyarsa lau tunda yana iyawa. Iyawa daban, ƙwayar haihuwa daban, kuma a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai hannun matsalar namiji. "Sanyi" kuma da ake yi wa jiƙo, in da fitar ruwa da zafin fitsari, sau da yawa ciwon da ake ɗauka ta saduwa ne, wanda sai an yi wa miji da matansa duka magani tare, in ba haka ba a yi ta miƙa wa juna.

Me ya rage mana? Ni dai ba na jiran mai lasifika ya tuba. Abin da nake gani mai yiwuwa shi ne mu kai awon inda mazan suke, cikin harshensu, a hannun namiji ɗan'uwansu. Zangunanmu yanzu sun haifi ma'aikatan jinya da masu haɗa magani da likitoci maza ba kaɗan ba. Na'urar awon jini da ta awon suga ba su fi ƙarfin asusun masallaci ɗaya ba. Ɗaki guda a gefe bayan Juma'a, a rufe ƙofa, mutum ɗaya ya shiga a lokaci guda. Ba sai an rubuta "masu raunin gaba" a ƙofa ba, awon jini ne kawai, kowa na iya shiga da girmansa. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita aka sake samun haka, ko suga kafin karin kumallo ta kai 7, sai a tura shi asibiti, kuma katin inshorar lafiya yana ɗaukar kula da waɗannan cututtuka biyu. A cikin wannan ɗakin ne ma'aikaci zai iya rage murya ya ce: "Baba, can gida fa, lafiya?" Wanda kuma ya ce shi sai na gargajiya, to aƙalla ya je sashen maganin tsirrai na asibiti, ko ya duba lambar rajistar FDA a jikin kwalba, ya kuma gaya wa likitansa abin da yake sha. Lambar ma ana iya yin jabunta, amma kwalbar ruwan leda da aka sake cikawa, babu suna babu adireshi, ba ta ma kai a yi gardama a kanta ba.

Na kai wannan shawara gaban kwamitin masallacin unguwarmu. Aka yi dariya tukuna, kamar yadda na zata. Sai wani dattijo da bai cika magana ba ya ce in dai za a rufe ƙofa, shi ne zai fara shiga. Har yanzu muna neman wanda zai riƙa zuwa da na'urar kowane mako ba tare da an biya shi ba, kuma nan maganar ta tsaya a halin yanzu.

Aminin nawa yatsan ya warke. Ya rage suga a shayi, yana shan magungunansa, likita ya kuma rubuta masa abin da ya dace da shi a ɗaya ɓangaren, da awo. Ya ce abin bai koma kamar yana ɗan shekara 30 ba, amma gida lafiya. Ranar Juma'ar da ta wuce muna fitowa tare, mai maganin ya hango shi daga nesa, ya sauke lasifika ya ce: "Alhaji, kwana biyu! Akwai sabo fa, daga Dubai." Ya ɗaga masa hannu, muka tsallaka titi.